Yayar Mijina da Jegon Shanu

An kawo ni gidan nan shekarar da Turawa suka miƙa mulki, damina biyu kafin a zo ana yi wa shanu allurar ciwon bushiya ana tsaga musu kunne. A nan na tarar da ita. Mijinta ya rasu a Basirka, ta dawo gidan ƙanenta da 'yarta guda da ƙwaryar tatsarta. Ƙanen nata shi ne mijina. Ke nan duk abin da aka yi a ƙasar nan tun daga lokacin, da yaƙi, da komawar motoci hannun dama, da canjin kuɗi daga fam zuwa naira, da babban fari, a tsakar gida ɗaya ya same mu. Ni Yaya nake ce mata, yaran gida kuwa Gwaggo. To, bazarar nan, ranar Talata da hantsi, ruwan farko bai ko sauka ba, Allah Ya karɓi abarSa. Allah Ya jiƙanta, Ya yalwata mata makwanci.

Mutane sun zo, ba laifi. Daga Gwaram an zo, daga Dingaya an zo, 'yan Basirka mota guda suka yo. 'Yarta ta yi kuka har muryarta ta dushe. Wani tsohon makiyayi da ko tafiya ba ya iyawa sai da sanda biyu ya sa aka kawo shi a kan babur, ya zauna a zaure ya ce shi ba gaisuwa kaɗai ya zo ba, ya zo ne ya ji ko ta bar wa wani hancinta. Aka yi dariya a gidan makoki, liman ma sai da ya rufe baki da hannun riga.

Amma ranar sadakar uku na ji abin da ya sa na ce sai an rubuta wannan. An dama fura, nono ya yi kaɗan, aka sirka da ruwa. Ina zaune a ƙofar ɗaki sai na ji matar ƙanen mijina tana ce wa ta kusa da ita, "Ikon Allah. Matar da ta shayar da rabin garin nan na Sundimina nono, yau a sadakarta ƙamshin nono kawai muke ji."

Waccan ta ce, "Ga saniya can kuwa a turke, kwana goma da haihuwa, hantsa kamar tulu."

Matar ɗana ta zo ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya. "Inna, ki bari in ƙara tatsar ta ko sau ɗaya ne. Mutane na magana."

Na ce, "Bar su su yi."

Kunnena bai mutu ba, kuma ni ba marowaciya ba ce, duk wanda ya taɓa cin tuwon gidan nan ya sani. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. 'Yata ta uku, malamar makaranta, ita ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Ina so masu ƙorafin su san dalilin da ya sa suka sha fura mai ruwa, in sun sani kuwa sun san wadda suka zo yi wa addu'a.

Yaya doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana da safe. In ta idar da salla ba ta gaida kowa sai ta fara zuwa turke. Saniya ɗaya-ɗaya take bi. Ta kama hancin dabba, ta sunkuya ta kai fuskarta dab da bakinta, ta shinshina. Daga nan ta shafa haƙarƙari, ta danna ƙugu da babban yatsa, ta ɗauki tsinke ta tona kashin da aka yi. Sai ta tsaya ta ga ko ana tuƙa. In ta gama, sannan za ta juyo ta ce, "Kun tashi lafiya?" Da farko na ɗauka taɓin hankali ne. Na ce wa mijina, "Yayarka fa bakin shanu take sunsuna." Ya ce, "Tun muna yara haka take. Ke dai in ta ce a yi, a yi."

Abin da aka fi yi mata tsiya a kai shi ne jego. Duk saniyar da ta haihu a gidan nan, Yaya sai ta yi mata kwana arba'in cur, kamar mace. Kwanakin dakashi, nonon farko, ba mai taɓa ta, na maraƙi ne. Bayan nan tatsa sau ɗaya a yini, kuma ba a tatsewa ƙaf. Ba a kai ta kiwo mai nisa. Harawa da dusa da 'ya'yan gawo da angurya, duk wani abu mai maiƙo da aka ɓoye tun kaka, a lokacin ake fito da shi, kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa kullum. Wata rana limanmu na wancan zamanin ya wuce ya gan ta tana dama wa saniya dusa da ruwan ɗumi, ya ce, "Gwaggon yara, saura wankan ganye da kunun kanwa."

Ta ce, "Malam, in ka kawo itacen zan dafa ruwan."

Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Ke kina ganin ciki shi ne wahalar saniya? Wahalarta bayan haihuwa take. Hantsa ba ta roƙo, ɗiba take yi. Duk abin da saniya ta ci, hantsa ke fara kwasar rabonta kafin ƙafa ta samu, kafin ido ya samu. In ba a zuba mata abinci a komi ba, a jikinta za ta yanka ta ba ki, kina murna ƙwarya ta cika." Na ji, na ce to. Amma jin kunne ne kawai.

Ni ma ai da saniyata na zo. Babana ya ba ni karsana fara sol, muna ce mata Balbela. A gidan miji komai na miji ne ko na danginsa, amma Balbela tawa ce, ta gidanmu ce, in na dube ta turken babana nake gani a can ƙasar Gwaram. Ta haifa mini maruƙa maza, aka yi ta sayarwa ana hidima da su. Mace ce ban samu ba.

Shekarar da aka gama yaƙi sai labari ya zo cewa an kawo wani bijimin Turai a wata gonar gwamnati wajen Birnin Kudu, 'ya'yansa mata suna ba da madarar saniya uku. Na matsa wa mijina lamba har ya ja Balbela ya kai. Da ya dawo Yaya ta ce, "Yaya kamarsa?"

Ya ce, "Ƙato ne, baƙi da fari. Sai dai ba shi da tozo, bayansa a shafe."

Ta ce, "Ba tozo? To ina yake ajiye guzurinsa?"

Da lokaci ya yi, Balbela ta haifi mace, baƙi da fari, da ɗan tozo kamar dunƙulen fura. Yaya ce ta raɗa mata Hankaka.

Sai fari ya zo. Ba zan daɗe a kansa ba, waɗanda suka gani ba sa son tuni. Ni da Yaya muka yi ta sassabo ganyen itatuwa har tafin hannunmu ya tsage. Hankaka ta rayu don tana ƙarama. Balbela kuwa wata safiya ta kasa tashi, aka yanka ta, ni ban ci naman ba. Ranar na rantse a raina cewa ba za a sake ƙirga haƙarƙarin saniyata daga nesa ba. Hankaka kaɗai ta rage mini daga hannun babana, shi kuma ya rasu a shekarar.

Haihuwarta ta fari da damina ta zo, ciyawa ko'ina, komai ya tafi daidai. Madara kuwa, wallahi mata har daga wasu unguwanni suke zuwa kallon tatsa. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Ciki na biyu shi ne ya faɗo a baya-baya, haihuwar za ta zo tsakiyar bazara. Shekarar ce aka kwashi yara aka zuba a makarantar boko kyauta, kuɗin mai ya shigo, kowa na sayen rediyo da kwanon sha mai fure. Ana shimfiɗa kwalta a hanyar da ta wuce kusa da mu, leburori sun kafa sansani, kuma ba abin da suke so da rana tsaka kamar fura da nono mai sanyi.

Tun cikin yana wata shida na fara ɗura wa Hankaka abinci. Na sa aka sauko da harawar da ke kan rumfa. Dusar gidan nan duk ita. Ta yi ƙiba har wuyanta ya yi ninki, in tana tafiya jikinta na rawa. Masu wucewa suna cewa tubarkalla, ni kuwa ina jin daɗi.

Yaya ta same ni a bakin rumfa ta ce, "Mayar da harawar nan sama."

Na ce, "Yaya, ciki gare ta."

Ta ce, "Na gani. Mai ciki a ƙoshe ake son ta, ba a tiƙe ba. Saniyar da ta haihu da kitse ba ta son cin abinci bayan haihuwa, ga shi kuma lokacin ne hantsa za ta buɗe baki. Wannan kuwa hantsar ubanta ta gado, ba ta uwarta ba. Kina ciyar da ita abincin jegonta tun yanzu. Ranar da za ta nema, rumfa wayam."

Ban mayar ba.

Ta haihu lafiya, mace kuma. Harawa ta ƙare kwana biyar kafin nan, sai karan dawa busasshe. Kwana bakwai da haihuwa na ɗauki ƙwarya na fara tatsa safe da rana da yamma, ina kai wa leburori. Yaya ta zo ta tsaya a kaina ina tsugune.

Ta ce, "Ba ta yi arba'in ba."

Na ce, "Dube ta fa, Yaya. Wannan ko wata uku ba ta ci ba kitsenta ya ishe ta."

Ta ce, "Kitsen nan shi zai kayar da ita. Tashi."

Yau shekara nawa, amma har yanzu in na tuna abin da na ce sai na ji kunya ta rufe ni. Ban ko ɗago kai ba na ce, "Saniyar ubana ce. Ba a turken gidanku aka haifi uwarta ba."

Matar da ta girmi mijina, wadda ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Ta juya ta tafi. Washegari ta ɗaura ƙullinta ta ce za ta Dingaya ganin 'yarta da aka aurar can. Kafin ta fita ta sa wa ɗakinta kwaɗo. A gidan nan ba a taɓa kulle ɗaki ba. Na ce a raina, wato ɓarauniya ma ta mai da ni. Na ƙara hawa.

Kwana goma ina cika ƙwarya. Daga nan abin ya fara. Hankaka ta fara barin 'yar dusar da nake samo mata, sai ta shinshina ta kau da kai, ta koma tana taunar kara. Kashinta ya bushe ya yi ƙwalla-ƙwalla. Kitsen nan da nake taƙama da shi ya zube kamar ana kwasa da ludayi, kullum safiya sai na ga wani ƙashi ya fito. Amma madara ba ta tsaya ba, sai raguwa kaɗan, ni kuma ban daina tatsa ba. Sai ta fara lasar bango, tana gatsar turke, tana tafiya tana tangaɗi kamar ba ta gani. Wata tsohuwa ta ce iska ce, aka yi turare. Wani ya ce baki ne, aka ɗaura mata laya a ƙaho. Ranar da ta cika kwana ashirin da biyu ta kwanta, ta daina tuƙa.

Washegari da safe mijina ya ce, "Zan kira sarkin fawa kafin ta zama mushe."

Na riƙe masa riga, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Malam, ka ba ni zuwa la'asar ɗin gobe."

Ya dube ni ya ce, "Kin san inda za ki."

Na sani. Na hau motar ɗaukar yashi ta masu kwalta, na sauka, na ƙarasa da ƙafa. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa wadda ba za ta zubar mini da girma da yawa ba. Na shiga gidan 'yarta da azahar, na same ta zaune a inuwa, ƙullinta a ɗaure a gefenta, takalmanta a gabanta. Na durƙusa. Duk abin da na shirya ya gudu.

Ta ce, "Ta daina tuƙa ko?"

Na ce, "Tun jiya, Yaya."

"Tana lasar bango?"

"Tana yi."

Ta ce, "Tun shekaranjiya na ɗaure kayana. Na ce in ba ki zo yau ba gobe zan taho da kaina. Ɗauki ƙullin nan."

Na ce, "Yaya, abin da na faɗa..."

Ta ce, "Saniyar ubanki ce mana. Ƙarya kika yi? Tashi, rana na yi."

Ba mu samu mota ba sai washegari da sassafe. Muka iso da hantsi muka tarar sarkin fawa har ya zo, yana zaune a gindin tsamiya yana wasa wuƙa, wai gara ya jira a kusa. Yaya ta wuce shi, ko mayafi ba ta cire ba, ta durƙusa a gaban Hankaka ta kama hancinta. Ta daɗe. Sannan ta ce da ni, "Zo nan. Sunkuya. Shinshina."

Na sunkuya. Wani irin wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar mangwaron da ya nuna ya wuce aka rufe shi a tukunya, da ɗan kaifi a ƙarshensa mai hawa kai.

Ta ce, "Kin ji? Warin saniyar da ke cin jikinta ke nan. Riƙe shi a hancinki har ki mutu."

Mijina ya ce, "Yaya, in ta mutu a haka fa? Ko naman ba mu samu ba."

Ta ce, "Sarkin fawa, bar wuƙarka a nan ka je ka ci kasuwarka. Ni zan zauna a kanta. In na ga ido ya juya, da bakina zan ce a yanka."

Sarkin fawa ya ce, "Gwaggo, ke kullum sai kin raba ni da abincina."

Ta ce, "Kai ma ai ka yi ƙiba da yawa, a yi maka jego."

Ta aiki ƙanen mijina Birnin Kudu a kan keke ya kira malamin dabbobi. Sannan ta ciro mabuɗi daga bakin zaninta ta miƙo mini ta ce, "Buɗe ɗakina."

Na buɗe. Jama'a, ɗakin nan cike yake da harawa har rufi. Buhun 'ya'yan gawo biyu, buhun dusa, ƙwaryar angurya, da curin mazarƙwaila a rataye. Wurin kwanciyarta bai fi faɗin tabarma ba a bakin ƙofa. Ashe tun ranar da ta ga na sauko da harawar rumfa ta fara tarawa, daga 'yar gayaunar wakenta da abin da take tsintowa a gindin gawo, tana shigarwa ta bayan ɗaki. Wata uku tana kwana a takure saboda saniyar da na ce ba ta gidansu ba ce. Kwaɗon kuwa don ni ta sa shi, gaskiya ne, ta san in na gani zan kwashe in ba ta tun lokaci bai yi ba. Na tsaya a bakin ƙofar na yi kuka. Ta ce, "In kin gama, jiƙa mazarƙwailar nan."

Ta dama ta da ruwan ɗumi da 'yar dusa, ta zuba a kwalba, ta ɗaga kan saniyar kaɗan ta riƙa ɗura mata ta gefen baki, a hankali, tana jira ta haɗiye kada ta shaƙe. Ta zaɓo ganyen harawa mafi laushi tana tura mata a baki da hannu. Ta ce a ɗaure maraƙar nesa, a bar ta ta sha kaɗan safe da yamma, ƙwaryata kuwa ta kife ta a kan danga.

Malamin dabbobi ya iso bayan azahar a kan babur, saurayi ne sabon fitowa daga makaranta, da jaka da tabarau. Yaya ta ce, "Shinshina bakinta, ɗana." Ya shinshina ya ce shi bai ji komai ba, wai ba kowane hanci ke kama warin ba, malaminsu ma ba ya ji. Sai ya fito da wani farin gari ya zuba a murfi, ya ɗiga madararta a kai. Muna kallo garin ya rine ya koma shunayya.

Ya ce, "Inna, kin yi gaskiya. Sukarin jininta ne ya ƙare."

Yaya ta ce, "Wa ya ba ta sukari da zai ƙare?"

Ya yi dariya ya ce, "Ita ke yin abinta. Saniya ba kamar mu ba ce. Abin da ta ci tumbinta ke fara sarrafa shi, sannan hanta ta karɓa ta mai da shi sukari ta zuba a jini. Da shi take tsayuwa, da shi take gani, da shi kuma hantsa ke yin madara, hantsar ce ma ke fara ɗiba. In abinci ya gaza, sai jiki ya shiga narka kitsensa. In kitsen ya yi yawa sai ya taru wa hanta ya fi ƙarfinta, ta kasa ƙone shi duka, ta kasa yin sukarin. Ragowar da ba ta ƙonu ba ita ke yawo a jini, ita kike ji a numfashinta, ita ke kashe mata son abinci."

Yaya ta juyo ta dube ni, ta koma ta dube shi, ta ce, "Abin da nake faɗa ke nan shekara talatin. Kai dai ka ƙara hanta."

Ya nemo jijiyar wuya ya soka allura, ya ɗaga wata kwalbar ruwan sukari sama, ƙanen mijina ya riƙe, ruwan na shiga a hankali. Kafin la'asar Hankaka ta ɗago kai, ta yunƙura, ta miƙe tana rawar ƙafa. Na fara guɗa. Malamin ya ce, "Dakata, Inna. Kwalbar nan ta yini ɗaya ce ko biyu. In ba ta koma cin abinci ba za ta sake kwanciya. Maganin gaske yana ɗakin can." Ya nuna ɗakin Yaya.

Kwana uku muna kanta. Yaya ba ta yarda a tula mata dusa ba, wai cikin da ya daɗe a kwance in aka cika shi da gari sai ya yi tsami. Tafi ɗaya, a jira, tafi biyu. Harawa kuwa ko yaushe a gabanta. Safiya ta uku ina shara sai na ji Yaya ta kira ni da ƙaramar murya, ta ɗaga yatsa ta nuna. Hankaka na kwance a inuwa, ido a lumshe, muƙamuƙi na juyawa. Tuƙa take. Muka zauna a ƙasa mu biyu muna kallon saniya na tauna kamar masu kallon wasa. Sarkin fawa ya zo da yamma ya karɓi wuƙarsa yana gunaguni.

Shekarar ban ƙara kai wa leburori ko ludayi ba. Hankaka ta yi arba'in ɗinta har da ƙari. Ta haifa mini bakwai bayan nan, ta mutu da tsufa.

Yaya ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, ko a faɗa. Sai dai bayan shekara biyu, da na haifi tagwaye ina shayarwa, ga aikin gona, ina ba yara tuwona ina cewa na ƙoshi, wata safiya ta dawo daga turke ta kama haɓata kamar yadda take kama shanu. Ta shinshina ta ce, "Uhm. Wata Hankakar." Ta zaunar da ni, ta ɗauke mini daka da ɗiban ruwa, ta riƙa tsare ni da kunun gyaɗa tana tsaye a kaina sai na shanye. Mijina ya ce, "Yaya, a kira malamin dabbobi ne?" Ta jefe shi da mara.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Tsufa ne, abinci ya fita ranta. Mako biyu ba abin da ke wucewa sai ruwa. Ranar Lahadi da safe na sunkuya zan gyara mata matashi, sai na ji shi. Warin nan. Na tsaya cak. Ta buɗe ido ta ga fuskata, ta yi murmushi.

Ta ce, "Kin ji shi ko? Hancinki ya yi kyau."

Na ce, "Yaya, ko cokali ɗaya na kunu."

Ta ce, "Bari. Ni ba hantsa ke ja na ba, kira ne. Wace ce ta haihu a turke? Na ji kukan sabon maraƙi."

Na ce, "Jikar jikar Hankaka ce. Kwana biyar yau."

Ta ce, "Da bazara. Akwai harawa?"

Na ce, "Rumfa cike, ban taɓa ba sai da ta haihu."

Ta ce, "To. Mutane za su taru kwanan nan, za a so nono. Kar ki ji kunyarsu."

Maganar ƙarshe ke nan da ta yi mini mai tsawo.

Na wancan zamanin saura mu kaɗan. Mijina ya riga ta da shekara goma sha ɗaya. Liman mai itacen wanka ya tafi, sarkin fawa ya tafi. Ƙanen mijina da ya tuƙa keke yana nan, kunne ya yi nauyi, matarsa kuwa kun ji bakinta bai yi ba. Malamin dabbobi yana Gwaram, ya yi furfura, an ce har yanzu ba ya jin warin. Sai tsohon makiyayi mai sanda biyu, a gaya masa hancin yana wurina. Sai 'yarta, sai ni. A turke kuma akwai shanu tara masu baƙi da fari.

Mai jegon za ta cika arba'in ɗinta mako guda kafin na Yaya. Yau da safe na shinshina ta, numfashinta ciyawa ne zalla, tana tuƙa. Duk wadda ta sha fura mai ruwa ranar uku ta dawo ranar sadakar arba'in, ta zo da babbar ƙwaryarta.